Icen can ko gawon gida: amsa ga wani matashi mai zane

"Baba Malam, barka da aiki. Ni haifaffen Maradi ne, unguwar Bagalam. Ina ɗan shekara 13 aka kai ni Beljiyam wurin mahaifina, yanzu shekarata 27. Zanen itatuwa da tsuntsaye da daji nake yi. In na zana dajin can, Turawa su tambaye ni ina Afirkar take a ciki. In na zana gawo da rumbunan gero da ka, na kawo gida, dangi su ce aikin Nasara ne, kawuna ma cewa ya yi gawon bai yi kama da gawo ba. Na zo hutu, ina nan har bayan kaka. Shin asalin mutum da ƙaurar da ya yi su ne ke yanke abin da zai zana? Wanne zan kama, wanne zan saki?"

Ɗana, barka da zuwa, ina fata ka iske mutan gida lafiya. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma in na fahimce ka, tambaya biyu ka zuba a ƙwarya ɗaya. Ta farko ita ce me asalinka da tafiyarka suka sa a cikin aikinka, da saninka ko ba da saninka ba. Ta biyu, wadda ita ce ke hana ka barci, wa za ka saurara: Baturen da ke biɗar Afirka a zanenka, ko kawun da ya ce gawonka ba gawo ba ne. Zan amsa maka da abin da na gani cikin shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da zane a lakwal nan Maradi, da shekara 7 da na yi a Liyon ta Faransa kafin nan. Tun yanzu zan gaya maka inda na karkata. Maganar kawunka ta fi ta Baturen zafi, kuma ita ce za ta fi yi maka amfani.

Garin da ka fito

Kafin ka ɗauki kanka bare don ka yi tafiya, dubi Maradi ita kanta. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na da suka yo arewa, suka yi shekaru ba su da mazauni kafin Ɗan Kasawa ya kafu a bakin gulbi. Shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Tibiri ma Gobirawa ne da suka rasa Alƙalawa suka kafa ta. A 1945 kuma ruwan Gulbin Maradi ya ci tsohon gari, aka kwashe aka hau tudu, aka yanka miƙaƙƙun titunan da kake bi yau. Bedin da ke yi muku inuwa a ƙofar gida daga ƙasar Indiya aka kawo irinsa, mangwaron garkunan bakin gulbi ma daga can ɓangaren duniya ya fito, amma wa zai zana Maradi yau ya tsallake bedi? Gadon da ake cewa ka riƙe, kakanninka sun sha ɗaura shi a ka daga wannan wuri zuwa wancan, suna zubar da wani suna tsintar wani.

Abin da gida ya ba ka

Masu sayen zane sun ɗauka gado shi ne abin da aka zana: kuka, rumbu, mace da tulu. Ni a wurin da na fi ganinsa shi ne ido da hannu.

Yaron da ya tashi a nan da baki da tafin ƙafa ya fara sanin ice. Ya tsotsi aduwa ya ji zaƙi da ɗaci tare, ƙayarta ta soke shi. Ya san ɓawon kalgo ake ɗaure dami da shi, kabar goriba ake saƙa tabarma, ganyen magarya ake wanke mamaci, tsamiya ta kunu ce, kuka ta miya. Da na shiga makarantar zane a Faransa, na ga abokan karatuna suna fara ice daga siffarsa da inuwarsa da nisansa daga mai kallo. Ni kuwa hannuna ɓawo yake fara nema, da wurin da akuya ta gwaguya, da reshen da makiyayi ya sare wa dabbobinsa. Shekara 13 da ka yi a Bagalam ta isa ta dasa maka wannan. Koma ka duba zanen dajin Beljiyam da ka yi, zan yi mamaki in ba ka iske idonka yana sauka ƙasa wurin saiwa da ɓawo ba, kamar mai tambayar icen me ake yi da kai.

Hannu kuma, in ka yi makarantar allo, zanenka na farko can ka yi shi. Alƙalamin kara, tawadar gawayi da ƙaro, allon da aka wanke aka shanya, layin da ke fara kauri ya ƙare siriri ba tare da an ɗaga hannu ba. Ga zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, ga zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, ga aska takwas a gaban babbar riga, ga bangon gidajen Birni a Damagaram, ga jan karan dafi a fatar dukawa da shuɗin baba a karofi. Duk waɗannan abu guda ya haɗa su: layi ne ke mulki, launi shimfiɗe yake ba a narka shi cikin ɗan'uwansa, kuma siffa ɗaya ana maimaita ta har ta zama kamar kiɗa. Zanen Turai da aka koya maka ya fi ba haske da zurfi ƙarfi, yana so ka ji kamar ta taga kake leƙe. Da danginka suka ce aikin Nasara ne, ina jin wannan tagar suka gani.

Akwai kuma addini, kuma ba zan kauce masa ba don na san an tayar maka da maganar ko za a tayar. Ya zo cikin Buhari da Muslim cewa wani mai yin surori ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas yana cewa da wannan sana'a yake ci, sai ya gargaɗe shi game da surar abu mai rai, ya ce in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Saboda haka mai zanen ice da gona da gulbi yana kan fili mai faɗi. Tsuntsu da dabba kuwa malamai sun yi magana mai tsawo a kansu, ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka je wurin malamin da ka amince da shi. Abin da zan iya cewa daga ɓangaren sana'a shi ne wannan tarbiyya ta sa da yawa cikinmu muka zuba duk abin da za mu faɗa game da mutum a jikin ice. Na ga ɗalibata ta zana tsohuwar kanya bayan rasuwar kakarta, duk wanda ya san tsohuwar ya gane ta.

Abin da tafiya ta ƙara, da abin da ta ci

Amfanin tafiya na farko shi ne tana nuna maka abin da sabo ya rufe. Ban san magaribarmu gajeruwa ce ba sai da na zauna inda rana kan yi sa'o'i tana jan ƙafa kafin ta faɗi. Ban lura hazon hunturu yana goge nisa ba, yana mai da rana kamar farin faifai, sai da na ga hazon can mai danshi wanda ke sa inuwa ta yi shuɗi-shuɗi. Rairayin jigawa da na taso ina cewa ja ne, a Liyon na gane da safe akwai toka a cikinsa, da azahar ya yi fari har ya hana ido buɗewa, da la'asar ne kawai yake ja. Wanda bai taɓa barin gida ba yana da wannan duka a gabansa, amma ba shi da na biyu da zai gwada da shi. Kai kana da shi, kuma dukiya ce.

Yanzu ga ɓarnar. Tunanin gida yana sanƙarewa, kuma in ya daɗe sai ya soma yi wa mutum ƙarya mai daɗi. A shekarata ta biyar a can, kewa ta dame ni, na yi wata uku a kan zane guda: gonar mahaifina a tsakiyar damina, gero ya fitar da kai, hadari ya haɗo daga gabas, ga gawon tsakiyar gona ya baje shar da ganye. Kowa ya yaba. Da na zo hutu na naɗe shi na kawo, na shimfiɗa a zaure bayan la'asar. Mahaifina ya daɗe yana dubawa, carbi a hannu, sannan ya sa yatsa a kan icen ya ce, "Wannan wace shekara ce gawo ya yi ganye da damina?" Bai ƙara komai ba. Ni da na yi noma a ƙarƙashin wannan gawon tun ina ɗan shekara bakwai na manta abin da ya sa manomi ke ƙaunarsa. Gawo da damina yake kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, ganyen ya zama taki, rana ta sami geron da ke gindinsa, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi kore, ya yi fure, ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa masu lanƙwasa lokacin da ciyawa ta ƙare. Idona ya saba da itatuwan Turai masu ganye lokacin ɗumi, sai hannuna ya ɗora wa gawo ɗabi'arsu ban sani ba. Ban ga zanenka ba, amma ka tambayi kawunka a natse me ya gani. Mai yiwuwa lokacin ganye ne, ko ka miƙe rassan da ya kamata su yi gwame-gwame, ko ka duhunta ɓawon ƙananan rassa wanda fari-fari ne.

Ƙasar ma ba ta tsaya tana jiran mai tafiya. Maradin da na tafi da ita a kai ita ce ta bayan farin 1984, gonaki fayau, iska na kwasar rairayi tana binne shuka. Tun 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda shi ma baƙo ne a nan, ya soma jan hankalin manoma cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara saiwarsu na da rai, a zaɓi 'yan tsiro masu ƙarfi a bari a datse sauran. Manoma suka karɓa suka yaɗa, har masu bincike suka ƙiyasta kimanin kadada miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Da na dawo na iske gonakin da nake zanawa tsirara sun cika da 'yan gawo da kalgo da sabara. Kai ma cikin shekara 14, gonakin bayan gari da ka sani da yawa sun zama unguwanni.

Ɓarna ta biyu kasuwa ce. Wani mai gidan nunin zane ya taɓa ce mini in dinga kawo masa kuka da faɗuwar rana da raƙumin dawa, su ke tafiya. Na yi masa har shekara biyu don kuɗin ɗaki, kuma a shekarun nan hannuna bai ƙaru da komai ba. Raƙuman dawan Nijar a yankin Kure suke kusa da Yamai, sai a 2018 aka ɗauko guda 8 aka kai gandun Gadabeji a ƙasar Dakoro. Yaron Bagalam bai tashi yana ganinsu ba. Wanda ya ce maka ina Afirkar take, sau da yawa Afirkar da ke cikin kansa yake so ka zana masa, kuma ba ka da bashinsa.

Waɗanda suka riga ka

Wanda na fi so ka nema ka duba aikinsa shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar Alƙur'ani ne, ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950. Da ya koma gida ya nuna aikinsa, sai ya ga mutanensa ba su ga kansu a ciki ba, irin abin da ya same ka. Bai yi fushi da su ba. Ya koma ya dubi rubutun allo da adon kayan gida na ƙasarsa, ya fasa haruffan Larabci ya gina siffofi da su, da launukan ƙasar Sudan. A 1975 aka tsare shi wata 6 a kurkuku ba shari'a, daga baya ya zauna Katar, sannan Oksfod ta Ingila. A can, cikin sanyi da ruwan sama, ya yi jerin zane mai tsawo a kan icen da ke bakin Nilu wanda suke kira haraza. Haraza kuwa, ɗana, shi ne gawonmu, da wannan ɗabi'a tasa ta saɓa wa damina. Lura da abin da ya yi: bai yi ƙoƙarin kwaikwayon gawo reshe da reshe daga nesa ba, don ya san ba ya gabansa. Ya tace shi ya koma layuka tsaye da na kwance, kamar zayyana. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi babban nunin aikinsa na tsawon rayuwa.

Chiura Obata shi kuma ta ɗaya hanyar ya bi. An haife shi a Japan a 1885, ya koyi zane da baƙar tawada da buroshi irin nasu tun yana yaro, ya isa Amurka a 1903. A 1927 ya shiga duwatsun Yosemite na Kalifoniya ya zana su da wannan tawadar da wannan hannun. Duwatsun na Amurka ne, amma duk wanda ya kalla ya san daga inda hannun ya fito. Ko da gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyalinsa a sansani a 1942 tare da sauran 'yan asalin Japan, makarantar zane ya buɗe a ciki, yana zana hamadar Utah da ke kewaye da su. Ga John James Audubon ma, wanda ake kirari da shi a zanen tsuntsayen Amurka: a ƙasar da yau ake kira Haiti aka haife shi a 1785, a Faransa ya girma, sai 1803 ya je Amurka, kuma ya fitar da zane 435 na tsuntsayenta da girmansu na gaske. Ya mallaki bayi, ba na ɗora shi abin koyi a hali. Na kawo shi ne don ka ga baƙo na iya sanin dajin wasu har ya koya musu shi, in ya ba shi shekaru.

To me za ka yi

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka zana gida da ka daga Beljiyam tamkar kana tsaye a gona, wannan ita ce wadda nake hana ka, don ita ce ta kayar da ni. Ka zana gida daga nesa amma ka yarda tunani ne kake zanawa, ka tace shi kamar Salahi, wannan hanya ce mai kyau sai dai tana son wanda ya riga ya san icen ciki da bai, ban da haka sai ta zama mafakar wanda bai iya ba. Ko ka zana abin da ke gabanka duk inda kake, da idon da hannun da gida ya ba ka. A shekarunka, ta ukun nake zaɓar maka, kuma ita ce za ta kai ka ga ta biyun in Allah ya ja kwana.

A can, zaɓi ice guda kusa da inda kake, ka bi shi shekara cur, kowane mako. Nemi sunansa, ka tambayi tsofaffin wurin me suke yi da shi, yadda za ka tambaya a nan. Gwada ajiye fentin mai na wani lokaci ka koma alƙalamin kara da tawada. Kafin ka tafi ka ɗebi jar ƙasa da farar ƙasa, ka daka ka tace da ƙyalle, ka kwaɓa da ruwan ƙaro, za ka sami launin da ba a sayarwa a kwalba. 'Ya'yan bagaruwa da aka jiƙa da tsatsar ƙarfe suna ba da baƙi mai kyau, dukawa sun daɗe da saninsa. Sai dai ka kiyaye, fentin ƙaro ba ya son danshi, ka gwada a ƙaramar takarda tukuna.

A nan kuma, watannin da suka rage maka, kada ka zana komai da ka. Littafin zane da gawayi, fita kullum. Je tabkin Madarumfa da sassafe ka ga tsuntsayen ruwa, ka bi bakin gulbi ka ga garkuna. Tun da tsuntsaye kake yi, sa ido a kan shamuwa kafin ta tashi. A nan take sheƙa ta ƙyanƙyashe da damina, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka, kuma ba wanda ya taɓa kiranta baƙuwa, murna ake yi in an gan ta don ta zo da labarin ruwa. Rubuta rana da wuri a bayan kowace takarda, da sunan icen da Hausa, don in ka koma kana da shaida a hannu duk lokacin da tunani ya so ya yi maka gyara.

Akwai inda sanina ya tsaya. Ni da girmana na tafi, da niyyar dawowa, kuma na dawo. Ban ɗanɗani abin da yaro ɗan shekara 13 ke ji ba ranar da aka sa shi aji cikin mutanen da ba su san sunan garinsu ba, kuma wannan ɓangaren na labarinka kai ne malaminsa. In wata rana ya fito a zanenka ta siffar da ba ta yi kama da Maradi ba, ba ta kuma yi kama da Beljiyam ba, kada ka goge don tsoron abin da za a ce.

Gawo zai soma tofo da zarar ruwa ya ɗauke, kana nan ke nan. Akwai wasu manya a gonakin hanyar Tibiri da nake kai ɗalibaina kowace shekara. Ranar Lahadi bayan sallar asuba muke fita. Ka zo da gawayi da takarda, kuma ka roƙi kawunka ya rako ka, a sa masa tabarma a gindin icen, kana zane yana nuna maka.